Babur ya daɗe a ajiye ya ƙi tashi: yadda ake gane ko laifin batir ne

Da aka gama girbi ƙanena ya tafi ci-rani Kudu. Kafin ya tafi ya shigar da babur ɗinsa zaure, ya ɗora shi a kan jak, ya lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ya rataye makulli a ƙusa. Bai dawo ba sai da hunturu ya kusa ƙarewa, wata huɗu ke nan da 'yan kwanaki. Washegari da safe ya kakkaɓe ƙura, ya murɗa makulli, ya danna sitata. Babur ya ce ƙyat-ƙyat-ƙyat, ya yi shiru. Nan take ya yanke hukunci: "Yaya, batir ya mutu, ranta mini kuɗi in sayo sabo." Na ce masa ya dakata mu ji ta bakin mita, wato na'urar auna wuta, tukuna.

A Turai da Kanada ƙanƙara ce ke sa masu babur su ajiye shi har sanyi ya wuce. Mu nan ci-rani ne, ko aikin Hajji, ko jinya, ko komawa makaranta, ko tsadar mai. Dalilin ajiya daban, amma cutar ɗaya ce, maganinta kuma ɗaya. Abin da nake so ka riƙe shi ne: ba a yanke wa batir hukunci sai an auna shi sau uku. Awo na farko yana zaune, na biyu lokacin da sitata ke jan sa, na uku lokacin da inji ke aiki. Duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikin ukun nan, ko dai ya jefar da batir mai sauran rai, ko ya sayi sabo ya kashe shi cikin 'yan makonni.

Abin da ke faruwa a cikin batir idan ya zauna

Batir ɗin da aka rubuta 12V a jikinsa ɗakuna shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da kamar bolt 2.1, jimla 12.6. A cikin ɗakunan akwai faranti na dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Ko ba a taɓa babur ba, batir yana zubar da cajinsa kaɗan-kaɗan da kansa, kuma zafi ke ƙara masa sauri: duk ƙarin zafi na maki 10 a ma'aunin Salshiyos yakan kusan ninka saurin zubewar. Shi ya sa babur ɗin da aka bari ƙarƙashin rufin kwano ya fi saurin rasa caji. Idan cajin ya yi ƙasa, wani farin abu yakan fara kama farantin. In an yi caji da wuri sai ya narke ya koma cikin ruwan. In an bar shi makonni sai ya daskare ya zama ɓawo, duk inda ya rufe kuma ba ya sake riƙe wuta.

To ina laifin sanyi? Sanyi ba shi ke kashe batir ba, asirinsa yake tonawa. Da sanyin asuba aikin da ke gudana a cikin batir yana raguwa, baƙin mai ya yi kauri, inji ya yi nauyin juyawa. Batir ɗin da da rana tsaka zai lallaɓa ya tayar da babur, da asuba sai ya gaza.

Fara da kunne da ido

Kafin ka ɗauko sifana, murɗa makulli ka duba koriyar fitilar firi, ka danna hon, ka kunna sigina. Kada ka dogara da babbar fitilar gaba, domin a ƙananan babura da yawa ba daga batir take shan wuta ba, daga koyil ɗin da ke samar da wuta a cikin inji take sha, ba ta kamawa sai inji ya tashi. Sannan ka tabbatar giya na firi, jan maɓallin kashe inji da ke hannun dama, in babur ɗin yana da shi, ba a kashe yake ba. Wasu babura ba sa yarda sitata ta juya sai an matse kuloci ko an ɗage ƙaramin jak. Kada ka ji kunyar duba waɗannan. Yara suna wasa a kan babur ɗin da ke zaure, babu maɓallin da ba su danna ba.

Yanzu danna sitata ka saurara. Kada ka wuce daƙiƙa biyar, kuma ka huta kamar rabin minti kafin ka sake.

In babu fitila, babu hon, babu ko motsi, to ko batir ya faɗi warwas, ko fis ya ƙone, ko waya ta rabu. In fitilar firi ta kama amma ta dushe da ka danna, kana jin ƙyat-ƙyat a jere, wannan shi ne kukan batir mai rauni ko kan batir da ya yi datti. Haka na ƙanena ya yi. In ka ji ƙwas sau ɗaya, fitila kuma ba ta dushe ba, hankalinka ya koma kan rilen sitata, makunnin da ke tura mata wuta daga batir, ko ita sitatar kanta. In kuwa sitata tana juya inji da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, ka ƙyale batir, ba shi da laifi, matsalar tana wajen mai ko fulogi. Ci gaba da dannawa zai ƙarasa shi ne kawai.

Buɗe ka duba

Kashe makulli ka zare shi. Batir yakan kasance a bayan murfin gefe ko ƙarƙashin sirdi, a wasu roba-roba kuma wajen ajiye ƙafa. Abin da za ka buƙata bai da yawa: sukudireba, sifana mai lamba 8 ko 10, samfefa, tsumma, da mita irin ta masu gyaran rediyo da waya. Mitar nan ba ta kai kuɗin sabon batir ba, kuma za ta yi maka shekaru.

Wayar da ke kan alamar (−) ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Dalili kuwa, jikin babur duka a haɗe yake da wannan ɓangaren. In ka fara da jar waya ta (+), sifana ta taɓa ƙarfen babur, sai tartsatsi, wani lokaci har ta narke a hannunka. Ka lura da alamar da ke jikin batir, kada ka bi launi kawai, domin a Honda da yawancin baburan Cana da suka kwaikwaye ta, wayar (−) koriya ce ba baƙa ba.

Fito da batir ɗin haske. In ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, an gama magana, kada ma ka kai shi caji. In jikinsa lafiya, dubi kawunansa. Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke taruwa a nan yana hana wuta wucewa, kuma shi kaɗai ya isa ya hana babur tashi alhali batir a cike yake. Jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi ka wanke shi da tsohon buroshin haƙori, kanwa tana kashe kaifin asid. Ka dai kiyaye kada ɗigo ya shiga cikin ɗakunan. Ka goge ya bushe, ka bi kan batir da bakin wayoyin da samfefa har su yi ƙyalli. Bi wayar (−) har inda aka ɗaure ta a jikin babur ko inji, ka kwance ka kankare tsatsar da ke ƙarƙashi. Mutane suna mantawa da wannan wurin ƙwarai.

Kusa da jar waya akwai ɗan gidan fis, mai lamba 10 ko 15 a yawancin ƙananan babura. Ɗaga shi a rana ka ga ko zaren ciki ya tsinke. In ya tsinke ka sa mai lamba ɗaya da shi. Kada ka naɗa masa waya ko takardar sigari kamar yadda wasu ke yi; ruwa ba ya tsami banza, fis ba ya ƙonewa sai da dalili. A babur ɗin da ya yi watanni a zaure dalilin yakan zama ɓera. Haska tocila ƙarƙashin tanki da sirdi ka nemi wayar da aka gwigwiya.

In batir ɗin mai ruwa ne, wato mai ƙananan murafe shida a sama, za ka ga layi biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. Duk ɗakin da ruwansa ya sauka har faranti ya fito, ƙara masa ruwan batir, tataccen nan da ake sayarwa a kwalba, iya abin da zai rufe farantin. Cikawa zuwa layin sama sai bayan caji, domin ruwan yana ɗagowa idan ya yi ɗumi. Ban da ruwan rijiya, ban da na famfo, ban da na leda, duk akwai gishiri-gishiri a cikinsu da ke lalata faranti. Ban da ƙarin asid kuma. Abin da ya ƙafe ruwa ne, asid yana nan bai je ko'ina ba. In batir ɗin rufaffe ne, wanda ake kira busasshe, kada ka ɓalle murfinsa.

Awo na farko

Juya mita zuwa inda aka rubuta 20 a ɓangaren DC, wajen alamar V mai miƙaƙƙen layi. Jan tsinke a (+), baƙi a (−).

In ka ga 12.6 zuwa 12.8, batir a cike yake. In 12.4 ne, ya zubar da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, zai iya tayar da babur amma yana son caji. A 12.2 rabi ya tafi. A 12.0 saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ƙasa da haka kusan babu komai a cikinsa. Nan ne mutane ke ruɗewa: suna ganin 12 a mita, suna ganin 12V a jikin batir, sai su ce ai lafiya lau. Tsakanin cikakken batir da fanko bai kai bolt ɗaya ba. In kuwa ka ga lamba a kusa da 10.5, akwai zargin ɗaki ɗaya cikin shida ya mutu, shida ban da ɗaya sau 2.1 ke nan. Caji ne zai tabbatar.

Na ƙanena ya nuna 11.9. Fanko ne, amma fanko daban, gawa daban.

Wata al'ada da nake roƙon ka bari ita ce haɗa kawunan batir biyu da waya ko sifana don a ga tartsatsi. Batir ɗin da ba zai iya juya sitata ba ma yana tartsatsi, don haka ba abin da ka koya. Abin da ka yi kawai shi ne ka wahalar da faranti, ka kuma kunna wuta a bakin abin da ke fitar da iska mai kamawa.

Caji, wurin da aka fi kashe batir

Dubi jikin batir za ka ga lamba kamar 5Ah ko 7Ah. Wannan shi ne girman cikinsa. Ƙa'ida ita ce a ba shi wuta kashi ɗaya cikin goma na lambar: mai 7Ah amfiya 0.7, mai 5Ah rabin amfiya, na tsawon awa goma zuwa goma sha biyu in ya faɗi sosai. Wannan jinkirin shi ke ba farin ɓawon nan damar narkewa.

Matsalar ita ce yawancin masu caji na bakin titi injinsu na batirin mota ne, wanda ya ninka na babur girma sau da yawa. Ka kai musu da safe, su jona shi a layi ɗaya da na mota, bayan awa ɗaya su ce ya cika. Ka taɓa shi ka ji zafi rau, ruwa ya tafasa, faranti ya lanƙwashe. Zai tayar da babur ranar, shi ya sa ba a gane ɓarnar, sai bayan mako biyu. In dole sai wurinsu za ka je, ka ce: "Malam, a sa mini a mafi ƙanƙantar wuta, ba sauri nake ba, gobe zan karɓa." Wanda ya san aikinsa zai gane abin da kake nufi. Wanda ya ce maka ai duk ɗaya ne, ɗauki batir ɗinka ka yi gaba.

In kana da ƙaramar caja ta babur a gida, ya fi. Ajiye batir a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da kurfoti, risho da mai shan taba, domin iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. Sassauta murafen in mai ruwa ne. Jona tsinken caja a batir tukuna sannan ka sa ta a soket, wajen cirewa kuma ka fara da soket. Riƙa taɓa jikinsa lokaci-lokaci: ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya yi zafin da hannu ba ya son daɗewa a kai, cire ka bari ya huce. Ga rufaffen batir, kada mita ta wuce 14.4 zuwa 14.7 lokacin caji.

Cajojin zamani masu kashe kansu suna da wani hali: in batir ya faɗi ƙasa sosai sai su ƙi fara aiki, kamar ba a jona komai ba. Dabarar ita ce ka haɗa shi da wani lafiyayyen batir mai 12V, (+) da (+), (−) da (−), na kamar minti ashirin zuwa talatin, ya ɗan ɗago, sannan ka raba su ka sa caja.

Yanzu da sola ta shiga gidaje, na ga masu jona batirin babur kai tsaye da faifan sola. Faifan da ake kira na 12V yana fitar da 18 zuwa sama da 20 in rana ta buɗe. Babban faifai ba tare da kwantirola mai daidaita wuta ba dafa ƙaramin batir zai yi. In akwai kwantirola kuma faifan ƙarami ne, babu laifi. In kuma batir ɗinka irin sabon nan ne mara nauyi na litiyam, lambobinsa daban ne, cikakkensa yana wuce 13, kuma cajarsa daban ce; bi abin da aka rubuta a jikinsa.

Bayan caji kada ka auna nan take, domin zai nuna maka 13 da wani abu, wanda ba gaskiyarsa ba ce. Bar shi a ƙasa ba a haɗe da komai ba, awa biyu aƙalla, in da hali ya kwana. In da safe yana 12.6 ko sama, akwai rai. In ya sauko 12.2 ko ƙasa da kansa, ɓawon ya riga ya ci shi. In ya koma 10.5, ɗakin nan ya tabbata matacce, kuma babu cajin da zai tashe shi.

Awo na biyu

Mayar da batir, jar waya tukuna sannan ta (−), ka ɗaure tamau. Sa wani ya riƙe tsinken mita a kan dalmar batir, kai kuma ka danna sitata kana kallon lamba. Wannan shi ne awon da ba ya ƙarya, domin akwai batir ɗin da zai nuna 12.7 yana zaune, da an ɗora masa kaya sai ya durƙushe.

In lambar ta tsaya a 10 ko sama, batir lafiya. In ta sauka ƙasa da 9.6, ya yi rauni, ko ya tayar yau ba zai daɗe ba. In ta faɗo 6 ko 7, ya gama aiki, sai dai a sayar wa masu sayen tsohon batir. Kada a jefa shi a bola ko a bar wa yara, dalma da asid guba ne.

Akwai hali na uku: ka danna, lamba ba ta ko motsa ba, sitata ma ba ta motsa ba. Ma'ana wutar ba ta fita daga batir ba sam. Bi jar waya mai kauri daga batir za ta kai ka ga rilen sitata, ɗan ƙaramin abu mai noti biyu manya. In yana ƙwas amma sitata shiru, ko cikinsa ya ƙone ko gawayin sitata ya cinye. In ba ya ko ƙwas, maɓallin hannu ne ya yi datti, ko makunnin kuloci. Masu gyaran wayar babur sukan haɗa notin biyu da sukudireba. In sitata ta juya, an kama rile ko maɓalli da laifi. Gwaji ne mai kyau amma yana tartsatsi, don haka sai a firi, kuma ba kusa da ɗigon fetur ba. In hannunka bai saba ba, bar wa rewaya.

In kuma batir ɗin da ka tabbatar lafiyayye ne ya durƙushe, wayoyi suka yi zafi, tsaya. Taka kik a hankali ka ji ko inji yana juyawa. In ya ƙi motsi, ba maganar wuta ba ce, kai wa bakanike kada ka tilasta.

Tayar da shi

Batir ɗin ƙanena ya kwana yana 12.6, ya tsaya a 10.3 da muka danna. Sitata ta juya garau, babur kuma ya ƙi tashi. Fuskarsa ta canja, ya ce ai ga shi nan, da ma ya faɗa. Na ce masa batir ya fita daga zargi, ya sunsuna tanki.

Fetur ɗin da ya yi watanni yana canja wari da launi, mai saurin kamawar cikinsa ya tashi, saura ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Rufe makullin mai, kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta ka tsiyaye abin da ke ciki a gwangwani. In na tanki ma ya yi ja yana wari kamar fenti, juye shi ka zuba sabo. Buɗe makullin mai, bari sabon ya ɗan zubo ta ƙasa, ka ɗaure sukurun. Kwance fulogi ka goge, ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji ka taka kik. Shuɗin tartsatsi ake so. Leƙa bakin salansa da gidan iska, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a nan, ɓera kuma yana tara tsumma. Duba baƙin mai. Sannan ja cok, ka taka kik sau uku ko huɗu makulli a kashe don mai ya zagaya, ka kunna ka buga. Kada ka murɗa totur da yawa, shaƙe shi za ka yi.

In babur yana da kik, tashin farko bayan doguwar ajiya ka yi shi da ƙafa, ka tausaya wa batir. Yawancin ƙananan baburanmu masu kafireta suna tashi da kik ko da batir ya mutu, saboda CDI ɗinsu, ɗan akwatin da ke sa fulogi tartsatsi, daga koyil yake shan wuta. Amma akwai waɗanda nasu daga batir yake sha, haka ma masu injekta maimakon kafireta, da ke da famfon mai na lantarki. Waɗannan in batir ya faɗi warwas, ko ka wuni kana bugawa wahala ce kawai. Tura babur ma haka. In na turawa ne, ga yadda ake yi: giya ta biyu, matse kuloci, a tura ya ɗauki gudu, ka saki kuloci kana zama da nauyinka a sirdi. Ba a tura mai giya otomatik.

Jona wuta daga mota yana yiwuwa, da sharaɗi ɗaya: injin motar a kashe. Batirin mota shi kaɗai ya ishi babur har ya yi yawa. Ja a (+) na babur, ɗaya bakin a (+) na mota, baƙi a (−) na mota, bakin ƙarshe a wani ƙarfe na jikin injin babur, nesa da batir da kafireta. Da ya tashi ka cire daga na ƙarshe zuwa na farko. Masu cewa a ba motar wuta don ya fi saurin kamawa, su ne ke zuwa gyaran gira su rasa ido.

Awo na uku

Babur ya tashi, kowa ya yi murna, nan ne ake naɗe kaya a tafi. Kada ka tafi. Bari ya yi ɗumi, ka mayar da cok, ka sa mita a kan batir, ka murɗa totur zuwa matsakaici. Lambar ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya a 12 da wani abu ba ta hawa, babur ba ya caji, kuma ko wane irin batir ka sa masa zai shanye shi. Duba soket ɗin raktifaya, ɗan ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke daidaita wutar caji, ko ya yi tsatsa ko ya narke, in ba shi ba sai koyil. In kuma lambar ta haura 15 tana ci gaba, raktifaya ta lalace ta ɗaya fuskar, tana dafa batir. Alamarta ruwan batir da ke yawan ƙafewa da ƙwan fitila da ke yawan ƙonewa.

Kada ka ɗauka yawo zai cika batir ɗin da ya faɗi. Abin da ƙaramin babur ke turawa kaɗan ne, a silo kuwa kusan babu. Shi ya sa al'adar sa yaro ya riƙa tayar da babur minti biyar duk mako ba ta da amfani: abin da sitata ta ci ya fi abin da aka mayar.

Ɓarawon cikin gida

Na ƙanena ya ba da 14.1, lafiya. Amma wani abu ya tsaya mini: wata huɗu a zaure mai inuwa, cikin sanyi, bai kamata batir ɗin da bai cika shekara ba ya faɗi haka. Sai muka yi gwaji na ƙarshe. Makulli a kashe, muka cire wayar (−), muka mayar da jan tsinken mita ramin 10A muka juya ta can, tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a bakin wayar da muka cire. In ba ta nuna komai ba sai a sauko ma'aunin mA. A wannan halin kada a kuskura a danna sitata, mitar za ta ƙone. Babur mai kafireta wanda ba a ƙara masa komai ba ya kamata ya nuna sifili ko dab da shi.

Namu ya nuna akwai mai sha. Muka bi waya, sai ga 'yar cajar wayar salula da ya sa aka ɗaura masa a kan hannu, an jona ta kai tsaye da batir ba ta bayan makulli ba. Yi lissafi ka gani: abin da ke shan 10mA kawai, wato kashi ɗaya cikin ɗari na amfiya, a kwana ɗaya ya sha 0.24Ah, cikin kwana 29 ya ƙarar da batir mai 7Ah. Ƙararrawar ɓarayi, na'urar bin sawu, rediyo da fitilun ado duk haka suke. Rewaya ya mayar da ita bayan makulli cikin minti goma.

In ta kama sai an sayi sabo

Tafi da tsohon a hannu. A dace da girma, da lambar Ah, da gefen da (+) yake, domin akwai masu kama ɗaya da kawunansu a juye, waya ba za ta kai ba. Tafi da mitarka kuma, gani ya kori ji: rufaffen batir sabo da ke nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kanta, ya fara tsufa tun kafin ka biya. Ɗaga shi ka ji nauyi. Tsakanin biyu masu girma ɗaya, mara nauyin dalmarsa kaɗan ce, araha kuwa ba ta ado. In irin wanda ake zuba wa asid a shago ne, a bar shi ya zauna kamar awa ɗaya bayan zubawa, a yi masa caji a hankali kafin a ɗaura. Mai ruwa yana da ɗan siririn tiyo na numfashi a gefe. A tabbatar an sa shi ya sauka ƙasa, in ba haka ba asid zai ci firam da sarƙa. Bayan ka ɗaure kawunan ka shafa musu ɗan giris ko basilin.

Bana da ƙanena zai sake tafiya, cika batir muka yi, muka ciro shi muka ajiye a ɗakin Inna a kan katako, inda rana ba ta shiga. Ya rufe makullin mai ya bar inji ya shanye na cikin kafireta har ya mutu da kansa, ya toshe bakin salansa da tsumma. Ni kuma aka bar mini aikin auna shi duk farkon wata, in ya sauko 12.4 in sa masa caja ya kwana.